Hoton Sani da Kura

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Bala tela daga Wambai, Suleja.

Ranar kasuwar Madalla masu wasa da kura suka zo. Maƙwabcina Sani mai aski ya dafa bayan kurar, aka ɗauke shi hoto, ya rataya a shagonsa. Tun daga nan kowa sai yabon Sani. Har matata ta ce, "Maigida, ka ga jarumtar Sani kuwa?" Alhali ina wurin! Bakin kurar da takunkumi, ta baya aka ɗauki hoton.

Abin ya tsaya min a rai. Da suka dawo na ce ni mara takunkumi zan taɓa. Na miƙa wa birinsu hannu, ya cafke min babban yatsa. Na sha allurai, mako uku ban riƙe almakashi ba. Mai hoton ma gudu ya yi bai ɗauka ba.

Jama'a, naman daji ba abin taɓawa ba ne. Amma ku ba ni shawara, in tona asirin takunkumin nan? Har yau hoton yana rataye, ni kuwa "Bala na biri" ake kirana.