Tsagar Jikin Sandar Kuloci

A bakin tasha, wani direba yana kwance ƙarƙashin tsohuwar motarsa, lodin tumatir na dahuwa a rana. Wani dattijo mai jiran mota ya leƙo.

"Ɗana, kulocinka na zamewa. Tun shigowarka na ji ƙauri."

"Wallahi Baba, a hawa sai gurnani, ba ta ja."

"Kulocin naka da mai yake aiki ko da sanda?"

"Da sanda. Wanda ya riƙe motar kafin ni gwani ne, Allah ya saka masa. Ya yi tsaga a jikin sandar, kullum nan nake tsayar da noti."

"Ai tsagar ta sabon faifan kuloci ce, naka kuwa ya cinye. Sassauta notin ya wuce ta, har feda ta sami ɗan wasa kafin ta kama."

Direban ya gyara, ya hau ya gwada. Mota ta ja kamar ba ita ba.

"Baba, kai bakanike ne?"

Dattijon ya shafa ƙofar direba.

"A'a. Har yanzu sai an sa mata gwiwa take rufuwa?"

Direban ya gane mai tsagar ne a gabansa, ya sauko, ya durƙusa, ya gaishe shi.