Gwajin Muhaimin a Tashar Pitowa

Muhaimin, ɗalibin kwamfuta, shi ya fara gwada raba bidiyon wasan ƙwallo kai tsaye tsakanin wayoyin fasinjoji a tashar Pitowa, ranar Lahadi. Na ji shi da wani dattijon mahauci.

"Baba, tsari biyu na auna domin jarrabawata ta jibi. Wanda ke fara aika guntun bidiyon da wayoyi kaɗan ke da shi ne ya ci. Ko ɗaya bai ɓace ba."

"Yaushe suka iso?"

"Ban auna wannan ba."

"Masu rediyo sun yi ihun cin ƙwallo sun zauna, wayata tana nuna gola yana gyara safa! Tun kakanninmu, naman da ya iso bayan tashin kasuwa ba ciniki ba ne."

"To, jibi me zan gaya wa malamai?"

"Gaskiya, ɗana. Guntaye duka sun iso, 'yan kallo ashirin sun koma rediyo, saura kai kaɗai."