Furar Dubiya

A tashar Dogon Dutsi, Lantana tana jiran motar Ɗan Kassari ta cika, da kwanon fura a cinyarta. Duk tarin da ta yi, sai budurwar da ke gefenta ta gyara takunkumin fuskarta. Abin ya ishe ta.

"Ɗiyata, korona ta daɗe da wucewa. Ko warina kike ji?"

"A'a, Inna. Garkuwar jikina ce ba ta da ƙarfi, haka aka haife ni. Murar da za ta sake ki a kwana uku, ni sai ta sauka huhuna. Bara sati biyu na yi a asibitin Dosso, ana ƙara mini iska."

Lantana ta matso, budurwar ta ja baya.

"Mura dai? To, ga ki da ƙibarki! A ina abin yake ɓuya?"

"A jini. Ido ba ya ganinsa."

"Ikon Allah! Haka likita ya ce da Amira, ɗiyar ƙanena. Uwarta ta hana kowa shiga dubiya. Ni na ce wulaƙanci ne, yau sai na shiga, in ga mai tare ni."

"Da wannan tarin, Inna?"

"Ni ce fa na yi mata wankan farko!"

"Tawa gwaggon ma sona take yi. Ita ta kawo mini murar bara."

Lantana ta daɗe tana kallon kwanon. Da direba ya ƙwala kiran fasinja, sai ta miƙa masa.

"Ka kai wannan gidan ƙanena, Is'haƙa tela. Ka ce gwaggon Amira tana gaishe ta, sai ta warke."

"Wa zai warke, Inna?"

"Ni."