Ɗaurin Kugu a Tashar Ƙonni

A tashar Ƙonni, Kyauta na jiran motar Dogarawa da tsohon ciki, tana kai da kawowa sannu a hankali. Wata tsohuwa da ke zaune bisa buhun gero ta zuba mata ido.

"Ke ɗiyata, wannan tafiya fa? Ƙwai kika aza a ka?"

"Kuguna ke ciwo, Inna. Ungozomar asibiti ta ce in ɗaure shi tamau da zane, in riƙa ɗan takawa, ban da buɗe ƙafa sosai. Daka ma ta hana ni."

"Ta hana daka! Ai taɓarya ke buɗa wa ɗa hanya. Ni ranar da na haifi Labo sai da na surfe gero, na ɗebo ruwa, ban ce wash ba."

"Kuma ba abin da ya same ki?"

"Ko ƙwarzane!"

Sai ga mota. Tsohuwa ta yunƙura, ta koma daɓas, ta dafe kugu.

"Kama ni, ɗiyata. Tun cikin Labo yake yi mini haka."

Kyauta ta danne dariya. "An hana ni ɗaukar nauyi, Inna."

Tsohuwa ta waiga, ta rage murya.

"To matso. Zanen nan, ta ina aka ce a ɗaure shi?"