Tarin da Ya Sa Na Zargi Kowa

'Yan'uwana mata na zumunta, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya mayar mini da numfashina.

Sunana Rifkatu, ina sayar da atamfa a Babbar Kasuwa. Bara wani busasshen tari ya kama ni. Daga bakin titi zuwa gidanmu a Kurmin Mashi sai na dafa bango ina haki. An gwada tarin fuka, babu.

Gwaggona ta zo dubiya ta ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, hannun mutum ne. Maganar ta zauna mini. Na fara zargin Hajiya Rabi, maƙwabciyar shagona, domin kullum da safe takan miƙo mini kunun gyaɗa. Sai in karɓa da murmushi, tana juya baya in zubar a kwata.

Ranar da na faɗi a shago, ita ce ta sa ni a keke ta kai ni asibiti. Har a hanya ban yarda da ita ba.

Likita ya duba hoton ƙirjina da jinina, ya ce ƙwayar cutar ƙanjamau ce ta daɗe a jikina ban sani ba, ita ta kumbura mini huhu.

Sai zargi ya koma gida, kan mijina, Baban Dauda. Na daina ci a kwano ɗaya da shi. Wayarsa na ƙara, na kasa kunne. Da kansa ya ce mu je a gwada shi. Ba ya ɗauke da ita. Daga ranar na ga yana yi mini irin kallon da nake yi masa. Gida ya yi tsit, sai tarina.

Wata Lahadi bayan sujada na zauna a majami'a ina kuka, ina roƙon Ubangiji ya nuna mini wanda ya jawo mini wannan. Bai nuna mini kowa ba. Sai mijina ya shigo, ya durƙusa kusa da ni, ya riƙe hannuna.

Ya ce, "Ya Uba, ba mu san ta inda ta shigo ba, mun gaji da tambaya. Ka bar mini matata."

Har yau ban san ta inda ta zo ba. Ina shan maganina kullum, shi ke tuna mini. Kumburin ya sauka, har na koma cikin mawaƙa. Yabo ga Ubangiji!

Ke da kike tari a ɓoye kina ƙirga maƙiya, ki je a duba ki, ki dogara ga Yesu. Ni ya riƙe ni. Amin.