Aiken Goggo Maimuna

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai Unguwar Ɗan Iya, Allah ya ja zamaninka. Malam Liman, Allah ya gafarta Malam. Bappa Hammajoda, ƙanin marigayiya kuma babban gidan nan a yau. Yaya Mansir da Adda Aishatu, 'ya'yanta. Mama Iyabo, maƙwabciyarta tun kafin a haife mu. Iyaye, 'yan'uwa, da 'yan matan da suka maƙale can baya suna latsa waya, ina gaishe ku duka.

Sunana Rukayya. Matan da suka yi 'yanmatancinsu a tsakar gidan nan ne suka ce in yi magana da yawunsu, wai ni ce ba na jin kunyar manya. Shekara guda ke nan da rasuwar Hajiya Maimuna, wadda duk unguwa ke kira Goggo. Mun kuma ji cewa bayan taron nan Yaya Mansir zai sa wa gidan kwaɗo, tunda babu mai kwana a ciki. Zan yi maganar Goggo tukuna, sannan in zo kan kwaɗon.

Ta kasance malamar firamare har ta yi ritaya, kuma rabin mutanen da ke zaune a nan sun san zafin murɗar kunnenta. Wannan kowa ya sani. Akwai wani aikin nata da babu wanda ya ɗauke ta yinsa.

A zamaninmu budurwa ba ta fita don kawai tana son ganin ƙawarta. Wannan ba dalili ba ne. Mota ta Baba ce, acaɓa an hana mu hawa. Ƙafa kaɗai muke da ita, ita ma sai da izini. Amma akwai kalma ɗaya da ke buɗe kowace ƙofa a unguwar nan: aike. Babu uban da zai hana 'yarsa zuwa aiken babba.

Goggo ta gane haka, sai ta zama matar da ta fi kowa buƙatar aike a Bauchi.

Ta kasance takan leƙo gidanmu da la'asar ta ce, "Ku ara mini Rukayya." Daga nan ta aro Mary, ta aro Princess, ta haɗa mu da Adda Aishatu, ta miƙa mana kwano a rufe. "Ku kai wa Iyabo a shago. Ban da gudu, kada ku zubar." Haka za mu taka har bakin kasuwa, muna riƙe da shi kamar ƙwai, muna hirar duniya. Mama Iyabo ta buɗe, ta ga albasa ɗaya.

"Kai, Goggo ya kashe ni! Albasa ɗaya, yara huɗu? Ku zauna ku sha zoɓo, kun yi aiki."

Idan mun gama, sai ta jefa attarugu a kwanon ta ce mu mayar. Su biyun ba su taɓa dariya a gabanmu ba.

Sai kuma rakiya. In raka Mary ƙofar gidansu, ta ce ai ba za ta bar ni in koma ni kaɗai ba, ta rako ni, ni ma kunya ta sa in mayar da ita. Sharaɗin Goggo ɗaya ne, kiran magariba ya sami kowa a ɗakin uwarta.

Wata rana Babana, Allah ya ji ƙansa, ya tare mu ya buɗe kwanon. Ya zo nan da albasar a hannu.

"Hajiya, wannan ne aiken?"

"Shi ne, Alhaji. Ko ka fi son ta fara fita ba da sanin kowa ba? Ni dai na san da wa ta tafi, na san ta inda ta bi. Ba ni albasata, miya zan yi."

Ya ba ta.

Ta kasance ta san abin da ake samu a hanya. A hanyar nan muka san gidan da ake jinya da gidan da aka yi haihuwa. A nan Princess ta koyi gaisuwar ta'aziyya, ni kuma na san ranar da ake yi wa su Mary barka da Kirsimeti. Na yi jami'a, na zauna taruka a otal kan zaman lafiya, ana raba ruwan gora. Ban ji abin da ya wuce wanda muka koya da silifas ba.

Ba ta daina ba har ƙafarta ta gaza. Kowace Asabar 'yan mata na cika tsakar gidan nan, ciki har da jikarta Yasmin, 'yar Yaya Mansir, mai shekara goma sha biyar.

Yaya, ka gina gida mai kyau a Gwallameji. Katangarsa ta fi ta kowa tsayi, mun gani, mun yaba. Tun rasuwar Goggo, Yasmin ba ta zo unguwar nan ba sai yau. Na tambaye ta ƙawayenta, ta ce, "Anti, suna cikin waya. Baba ya ce in bari sai na isa tuƙi." Yaya, kafin ta isa tuƙi ba ta da inda za ta tuƙa ta je.

Mun san tsoro ne, kuma ba mu raina shi ba. Mu ma iyaye ne, garin ma ba kamar da yake ba. Shi ya sa ba mu zo hannu sake ba. Mama Iyabo ta ce za ta riƙa zama a nan duk Asabar. Mu za mu karɓi aikin bi da bi, mu share gidan, mu tsaya kan yaran. Mary a Gwallameji take, za ta ɗauko Yasmin a keke napep, ta dawo maka da ita kafin magariba. Bappa Hammajoda ya ji, ya ce magana na hannunka.

Asabar mai zuwa bayan la'asar za mu zo da 'ya'yanmu. Idan mun sami ƙofa a buɗe, alhamdu lillah. Idan a kulle take, tabarma za mu shimfiɗa a ƙofar gida, mu bar wa Yasmin wurinta. Ka san unguwarku, ba sai mun aika maka da labari ba.

Mun gode wa duk wanda ya baro aikinsa ya zo. Allah ya ji ƙan Goggo Maimuna, ya yalwata kabarinta, ya sa Aljanna ce makomarta. Ya ba iyalinta haƙuri, ya tsare mana 'ya'yanmu a gida da kan hanya. Ya kuma sassauta zuciyar mai riƙe da makulli. Amin.