Sun Hango Gida, Suka Juya

Assalamu alaikum. Shugaban wannan taro, wanda ya ba ni abin magana. Mai gidan kallo, uban gidanmu, wanda bencinansa suka cinye mana wanduna tun muna yara. Iyayenmu mata da ke zaune ta wajen taga. Dattawan layin gaba. Samarin layin baya, abokan aikin ɓarnata. Da kuma babban baƙonmu, Malam Marubuci, ɗaya daga cikin masu rubuta mana shirin jirgi, wanda ya taso takanas don ya ji ta bakin masu kallo: ina gaishe ku gaba ɗaya, ina yi muku barka da zuwa.

Ina godiya ga shugaba da ya yarda in yi magana, ko da yake sai da ya sa na rantse ba zan kwaikwayi muryarsa ba. Ina godiya gare ka, Malam Marubuci, domin abokan aikinka sun ji an ce taron masu kallo ne duk suka kamu da mura, kai kaɗai ka zo. Ka zauna da kyau, ranka ya daɗe. Kujerar nan lafiyarta ƙalau. Na san an gaya maka ni ne mai kwance ƙafar kujera a gidan nan, to yau ban taɓa ta kowa ba. Yau ban zo da wasa ba, in ma ya suɓuce mini a yi haƙuri, sabo ne.

Jama'a, ba sai na ba ku labarin shirin nan ba. Jirgi ne ya ɓata a sararin samaniya da mutane cike da cikinsa, Kyaftin na gaba, suna neman hanyar komawa duniyarsu. An fara nuna shi ban san hannun damana ba, ga shi yau ina aske gemu, har yanzu suna hanya. Mun girma a cikin jirgin nan, wasu sun yi aure a cikinsa, wasu mun kai su makwanci jirgin bai sauka ba. Saboda haka in mun yi ƙorafi, ba ƙorafin baƙo ba ne. Fasinjoji ne ke magana.

Magana ta farko, ranka ya daɗe, kuna da mantuwa. A makarantar allo, malaminmu ba ya barin yaro ya wanke allonsa sai ya biya abin da ke kai da ka. Ku kuwa kuna wanke naku allon kowace shekara ba tare da kun riƙe ko layi ɗaya ba. Tsohon Injiniya, wanda wuta ta cinye wa hannun hagu muna kallo aka sa masa na ƙarfe, bara muka ga hannun ƙarfen ya koma dama. Likitar jirgi ta mutu, muka yi kuka, iyayenmu mata suka jiƙa gyale. Bayan shekara biyu sai ga ta tana ba Kyaftin maganin tari, ba wanda ya ce mata sannu da dawowa. Mai gyaran rediyo, ga shi can a layi na uku, ya miƙe tsaye ranar ya ce, "To ni kukan da na yi fa, wa zai mayar mini?" Mun yi dariya, amma fa tambayarsa har yau ba amsa.

Magana ta biyu gajeriya ce. Da, mutanen jirgin nan suna cin abinci, suna faɗa a kan wa zai share ɗakin inji, suna kewar 'ya'yansu. Yanzu kullum harbi, kullum fashewa, kullum sabon dodo mai ido a gwiwa. Mu ba dodo muka zo gani ba. Duk mai son ganin dodo ya zo ya ga mai gidan kallo in janareta ya mutu ana tsakiyar shiri.

Magana ta uku ita ta kawo ni, kuma ina roƙon layin baya su yi shiru.

Ku dubi bencin gaba, ta gefen lasifika. Wurin nan da ba kowa, wurin mahaifina ne. Duk kun san shi, Tsohon Direba kuke ce masa. Rabin rayuwarsa a kan babbar hanya ya yi ta yana jan motar fasinja, kuma abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya: bai taɓa ɗaukar mutum ya kasa kai shi inda ya ce za shi ba. Shi da mahaifiyata suka fara kallon shirin nan a wata ƙaramar talabijin da sai an mare ta take kawo hoto. In yana hanya, ita ke kallo ta ajiye masa labari. In ya dawo, kafin ya cire takalmi zai ce, "Sun sauka?" Ta ce, "Kai dai ka sauka, su suna hanya."

Da ciwonta ya yi tsanani, muna zaune a bakin gadonta, sai ta dube shi ta ce, "Direba, ni dai ga alama zan riga su isa. In sun sauka, ka taho mini da labari." Ya ce, "Ke dai kin cika gaggawa, amma na ɗauka." Wasa suke yi, kamar yadda suka saba. Amma Baba ba ya ɗaukar kaya da wasa.

Bayan rasuwarta idonsa ya tafi. Tun daga nan na zama idonsa. Kowace Asabar da yamma in riƙo hannunsa, mu wuce shagon mai faci, mu tsallake kwalbatin nan da ya karye, in zaunar da shi kusa da lasifika. Shi ya ji magana, ni in raɗa masa hoto. Kun san halina, ba na iya ba da labari ban sa gishiri ba. In ce, "Baba, wandon Kyaftin ya yage." Ya kama kunnena ya murɗe ya ce, "Ja'iri, faɗi gaskiya." In ce, "Baba, Likita ta zo da akuya ɗakin tiyata." Ya ce, "Allah ya shirye ka, uwarka ma haka ta yi fama." Wannan murɗe kunnen, jama'a, shi ne lokacin da nake jin dariyar mahaifina a mako. Sauran kwanakin yana ɗaki, fuska ga bango.

Sai kuka yi ta shela, ranka ya daɗe, cewa kashin ƙarshe na bana jirgi zai iso gida. Baba bai da lafiya, ƙafafunsa sun kumbura, numfashinsa sama sama. Amma ranar ya sa aka goge masa farar rigarsa, ya sa hula, ya fesa turare kamar mai zuwa tarbar baƙo a tasha. A hanya sau da yawa muna tsayawa ya dafa bango ya huta.

Kun ga abin da na gani. Duniyarsu ta bayyana ta gilashin gaba, shuɗiya da kore, har fitilun garuruwa ana hangowa. Mutanen jirgi suka taru suna kallo. Ku marubuta kuka cire magana, kuka cire kiɗa. Kyaftin ya daɗe yana duban gida, sannan ya sa hannu ya juya jirgin, ya mayar da shi cikin duhu. Ba dalili, ba bayani. Sai rubutu ya fito cewa tafiya za ta ci gaba baɗi.

Baba ya matse hannuna ya ce, "Me suke gani? Yi magana mana." Na ce, "Baba, sun sauka. Ga ciyawa, ga mutane sun zo tarba." Bai murɗe mini kunne ba. Ya saki hannuna a hankali ya ce, "Ɗan nan, shekara nawa ina jin injin jirgin nan? Wannan ƙarar juyawa ce. Kuma duk ƙaryar da ka taɓa yi mini, da dariya a bakinka kake yin ta. Wannan ba ka yi dariya ba. Tashi ka kai ni gida."

Tun ranar bai sake fita ƙofa ba. Farar rigar tana rataye a ƙusa.

Malam Marubuci, na ji abin da ake faɗa, cewa in jirgi ya sauka shiri ya ƙare, in shiri ya ƙare aikinku ya ƙare. Ban raina abincin kowa ba. Amma ku kuna da baɗi, kuna da baɗin baɗaɗa. Wasu daga cikin fasinjojinku ba su da shi. Kun ɗauki mutane tun suna da ido, kun yi ta yawo da su har idon ya tafi, kun kawo su bakin gari sun ji ƙamshin gida, sannan kuka juya. Direban da ya yi haka a tashar su Baba, ba ya sake taɓa sitiyari.

Yau da safe na gaya masa za ka zo. Na ce, "Baba, me zan ce masa?" Na zaci zai aiko ni da zagi, har na shirya nawa na ƙari. Sai ya ce, "Kada ka yi wa baƙo rashin kunya. Ba komai. In na je, sai in ce wa uwarka suna hanya."

To, ranka ya daɗe, roƙona biyu ne. Ka koma ka gaya wa abokan aikinka su sauke mutanen nan, kuma su yi sauri. In kuwa ba za su iya ba, gidanmu ba nisa, bayan shagon mai faci ne, ƙofa mai koren fenti. In an tashi taro ka biyo ni, ka zauna a bakin gadonsa, ka gaya masa da bakinka dalilin da ya sa Kyaftin ya juya. Ni na gwada, ƙaryata ba ta isa ba.

Allah ya saka wa shugaba da mai gidan kallo da alheri. Allah ya jiƙan waɗanda suka fara kallon nan tare da mu suka riga mu tafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Allah ya mayar da baƙonmu gidansa lafiya, ya sauke kowane matafiyi a ƙofar gidansu tun masu jiransa suna da rai.

Na gode.